Makin da Na Hana Mahaifiyarka Tarawa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ɗana Haidar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa ka buɗe wannan takarda kana cikin ƙoshin lafiya, ƙirjinka a sake. Allah Ya sa ka shiga sabon ɗakinka na unguwar Hor Al Anz da ƙafar dama, Ya haɗa ka da abokan zama masu amana, Ya kiyaye fitarka da komowarka, Ya sanya albarka a cikin aikin da ka samu.

Na zaɓi rubutu ne saboda na san kaina. Da na zaunar da kai don in faɗa maka da baki, kafin in kai rabi zan karkata zuwa zancen kuɗin haya da lokacin jirgin ƙasa na metro, mu tashi ba a faɗi komai ba. Haka muka yi ta yi, ni da kai, tun rasuwar mahaifiyarka. Kada ka nemi labarin gida a nan. Gidan yana nan yadda ka bar shi.

Abu biyu na gani a makonka na ƙarshe a gidanmu na Al Nahda, su ne suka hana ni yin shiru. Na farko a kantin maganin da ke ƙasan benenmu. Da ka ajiye kayanka, matar da ke karɓar kuɗi ta tambaye ka ko kana da lambar waya a rajistarsu, don ta zuba maka makin da ake tarawa a sayi kaya da shi, ta kuma cire maka rangwamen da ke kan sabulu. Ko kallonta ba ka yi ba. Ka ɗaga hannu ka ce ba ka buƙata. Na san wannan ɗaga hannu, Haidar, domin a wurina ka koye shi. Na biyu, bayan kwana biyu, ranar da lif ya tsaya muka hau bene da ƙafa, ina bayanka ina jin ƙirjinka yana kuka. Ka zaro maganin asmarka na shaƙa, ka girgiza shi kusa da kunne, ka mayar da shi aljihu ba ka shaƙa ba. Tattalinsa kake yi. Ka riga ka fita daga inshorar wurin aikina, ta sabon kamfaninku kuwa kaɗan take ɗauka daga kuɗin magani, albashin farawa kuma mun san yadda yake. Wanda ke jin nauyin karɓar rangwame a kan sabulu, amma ba ya jin nauyin rage wa huhunsa magani, ya jera abubuwa a juye. Ni ne na jera maka su haka, kuma na riga na ga inda wannan jeri yake kai mutum.

Lokacin da muka zo ƙasar nan kana firamare. Ni ina ɗauke da digiri uku a fannin lissafi, da kuma tabbacin cewa babu wani abu da ya shafi lamba da wani zai koya min. Mahaifiyarka kuwa a sakandare ta tsaya. Duk ranar Alhamis takan tattaro takardun tallan da manyan kantuna ke turowa ta ƙarƙashin ƙofa, ta baje su a kan kafet, ta ɗauko almakashin ɗinkinta tana yanke masu rangwame. Nakan tsallake su in wuce. Wata rana na tsaya na ce mata, "Yanzu saboda dirhami biyu za ki ɓata yini guda?"

Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Dakta, lissafinka na allo ne, in an tashi daga aji sai a goge. Nawa na tukunya ne, in na kuskure da yunwa za ku kwana."

Na yi dariya irin ta wanda ya yafe wa na ƙasa da shi. Sai da cefane ya dawo hannuna na gane cewa tsari take bi, kuma tsari ne da ba zan ji kunyar koyar da shi a aji ba. Ba talla take fara dubawa ba. Kicin take fara shiga, ta buɗe kowane mazubi, ta rubuta abin da ya kusa ƙarewa. Sai takardarta ta kammala sannan ta duba wane kanti ne ya sauke farashin abin da ke cikinta. Abin da ba ya cikin takardar, ko rabin kuɗi aka sa masa, ba ta ganinsa. In ta tsaya gaban jerin kaya kuma, ba babban jan rubutun rangwamen take karantawa ba. Sunkuyawa take yi ta karanta ƙaramin da ke ƙasa, mai faɗin kuɗin kilo ɗaya, domin sau da yawa babban buhun da aka kira garaɓasa yakan fi ƙaramin tsada idan aka auna. Ka yi yadda take yi. Yau takardun sun koma cikin manhajar waya, amma dabarar mai kanti ba ta sauya ba: so yake ka ga rangwame kafin ka tuna buƙatarka.

Akwai wata rana da na so in manta, ta ƙi mantuwa. Muna layin biya, ta miƙa takardar rangwamen man girki, na'ura ta ƙi karɓa. Ta ce wa mai karɓar kuɗin, da ɗan Turancinta na kasuwa, ya duba kwanan wata, wa'adin takardar bai cika ba. Aka aika kiran shugaban sashe. Layi ya yi tsawo a bayanmu, kuma a cikinsa na hango wani abokin aikina. Na ce mata da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Ki bar musu mana, kina tara mana jama'a."

Ta ce, "Haƙƙina ne."

Sai na ajiye kwandon na fita, na zauna a mota. Kai kana riƙe da gefen mayafinta, na san ka gani. Ba a jima ba ta fito, an cire mata kuɗin, an kuma ba ta haƙuri. Sai da muka isa bakin ƙofar gida ta ce, "Da ka tsaya, da ka ji yadda ake ba matarka haƙuri."

Abin da kanti ya rubuta zai rage, alkawari ne ya ɗauka da kansa, kuma neman a cika alkawari ba roƙo ba ne. Ka duba rasit kafin ka bar wurin biya. Idan ba a cire ba, ka faɗa cikin ladabi, ka kuma tsaya har a gyara. Abokin aikin nan da na bar matata a layi saboda idonsa, yau ko sunansa ba na iya tunawa.

Yanzu na iso kan abin da na yi ta kewaye.

Ka san Hajiya Balaraba, 'yar kasuwar nan ta Kano da ke zuwa sarin kaya a kasuwar Murshid Bazaar, wadda ke kiranka angonta tun kana ƙarami. Ita da abokan tafiyarta sukan yi mako guda suna sari, su miƙa kayansu ga masu kago da ke aika su gida, ranar ƙarshe kuma su shiga sayen tsaraba da saƙon 'yan uwa: madarar gari, maganin ƙarin jini na tsofaffi, man shafawa, na'urar awon hawan jini. Ba su da layin wayar ƙasar nan, saboda haka makin duk wannan sayayya a wurin kanti yake zama. Mahaifiyarka ta lura da haka. Sai ta riƙa yi musu tuwo da miyar kuka ranar da suka sauka, ranar tsaraba kuma ta raka su kantin magani, ta nuna musu inda ake sayen ɗaya a ƙara ɗaya, ta hana su ɗaukar abin da ya kusa lalacewa, ta yi musu tafinta. Idan an zo biya sai ta faɗi lambarta, makin ya shiga wurinta. Sun sani, sun yarda, ta kuma tambayi masu kantin, suka ce babu laifi muddin mai lambar yana tsaye a wurin. Shekaru aka yi ana haka.

Ni ban sani ba sai ranar da na dawo daga aiki na tarar da su a falo, ledoji ko'ina, Hajiya Balaraba tana cewa, "Yalla, maza, Maman Haidar, sake faɗa min lambar nan in haddace. Wallahi ta fi ta Alhaji maigidana amfani, shi ko ka kira ba ya ɗauka." Suka kwashe da dariya. Ni kuwa ba dariyar na ji ba. Abin da na ji shi ne, gobe a rumfunan Kano za a ce matar Dakta tana bin fatake tana tsintar abin da ya zuba.

Bayan sun tafi na ce mata ba a cin riba da baƙo, kuma ba a ciyar da mutum tuwo a je a karɓi ladan a kanti. Na jero hujjoji ɗaya bayan ɗaya kamar ina gaban ɗalibai. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Abban Haidar, ba daga aljihunsu yake fita ba. Kuma ba ka san abin da makin nan yake saya ba."

Na ce ko mene ne, albashina zai saya.

Ban tambaye ta ko mene ne ba. Ta ɗan jira, ina jin don ta ba ni damar tambaya ne, sannan ta ce, "To, khalas, shi ke nan." Ba ta sake raka su ba. Tuwon kuwa ta ci gaba da yi musu.

Ka san tana da ciwon suga. Inshora tana biyan kuɗin maganin, amma ba ta biyan na tsinken gwaji, wanda ake sawa a na'ura a ɗiga masa jini, kuma yana da tsada. Da makin nan take sayensa. A shekarar ce ka shiga jami'a, na rage kuɗin cefane ba tare da na shawarce ta ba. Ita kuma ba mai buɗe baki ta ce bai isa ba ce, balle ga mutumin da ya riga ya ce albashinsa zai sayi komai. Ta koma gwaji sau ɗaya a yini maimakon yadda likita ya umarta, daga baya kuma sai ranar da ta ji jiri. Muna gida ɗaya, ina duba takardun jarrabawa a kan teburin da na'urar ke ajiye, ban lura an daina buɗe ta ba.

Hajiya Balaraba ce ta faɗa min, da ta zo ta'aziyya bayan arba'in. Ba da nufin cin fuska ba, ta zaci na sani. Ta ce, "Allah Ya jiƙan ta, Dakta, mace ce mai rufin asiri. Har ce mata na yi ta zo mu je a ɓoye, ta ce a'a, maigida ya hana, ba za ta yi a bayan idonsa ba. Na ce to tsinken fa? Ta ce Allah zai kawo."

Na ce, "Wane tsinke?"

Ta dube ni, ta ja mayafi ta rufe bakinta.

Ban ce wannan ne ya yi ajalinta ba. Ajali ba ya gaba, ba ya baya, likitoci ma ba su faɗi haka ba, kuma na hana kaina yin lissafin da babu mai iya tabbatar da amsarsa. Abin da na sani shi ne, ta yi shekara biyu ba ta da labarin jininta yadda ya kamata, don kada a yi wata magana a kasuwar da ban taɓa zama a cikinta ba. Ban faɗa maka ba sai yau. Idan ka ji zafina, kana da gaskiya, kada ka ɓoye shi saboda ladabi.

Nasihata a nan gajeriya ce. Kafin ka hana mutumin gidanka wani abu, ka tambaye shi abin da yake rufewa da shi. Wata rana za ka yi iyali, kuma mai yiwuwa Allah Ya haɗa ka da mai kawaici irinta. Irin waɗannan ba sa maimaita magana.

Game da lafiyarka kuma, ka riƙe wannan. Maganin da likita ya rubuta ba a cika yi masa rangwame ba, farashinsa a ƙayyade yake, saboda haka kada ka jira masa garaɓasa. Ranar da albashi ya shigo, shi ne farkon saye, kafin shinkafa, kafin kuɗin waya, kuma guda biyu: ɗaya a aljihu, ɗaya a ɗaki. Rangwame da maki a kan sauran kaya ake nemansu, sabulu, man goge baki, omo, mai, sukari, domin abin da ka rage a kansu shi ne ke buɗa wa maganin wuri. Ka tambayi mai kantin magani ko akwai irin naka na wani kamfani mai sauƙin kuɗi, ka kai wa likitanka ya duba, in ya amince ka karɓa. Ni na yi shekaru ina cewa sai mai babban suna, ba don na karanta wani abu a kai ba, sai don kwalinsa ya fi kyau a hannu.

Bayan rasuwarta kuma na faɗa wani kuskuren ta ɗaya gefen. Na shiga cefane kamar mai ramuwar azumi. Duk jan rubutun da na gani sai na ɗauka. Ka tuna katan ɗin yogot da muka zubar, da buhunan shinkafar da ƙwari suka shiga. Ka tambaye ni ko walima za mu yi, na ce maka araha ce. Gaskiyar ita ce hannuna bai daina ɗaukar na mutum uku ba. Abin da ka saya a rabin kuɗi ka zubar, ba rabi ka tsira da shi ba, rabi ka jefar. A ɗakin da ku huɗu kuke raba firji ɗaya, wannan ya fi shafarka fiye da ni. Idan aka ce a sayi ɗaya a ƙara ɗaya, ka nemi abokin zama ku raba kaya ku raba kuɗi. Ka juya kwali ka duba ranar lalacewa, domin yawancin abin da aka karya farashinsa sosai, kwanakinsa ne suka kusa.

Akwai kuma ɗan makin da ya taru mata a babban kanti daga cefanen gida, wanda take ajiyewa don kayan azumi. Wayarta tana cikin durowa, na kasa taɓa ta. Da aka soke takardun izinin zamanta a ƙasar, layin ya mutu. Da na iya zuwa kantin, sai suka ce za su tura lambar sirri zuwa layin da aka yi rajista da shi. Na yi godiya na fito. Ba yawan abin ba ne ya dame ni. Shi ne abu na ƙarshe da ta tanadar wa gidan, na bar shi ya salwanta. Maki ba ajiyar banki ba ne, yana da wa'adi, kuma a jikin layin waya yake rataye. Ka yi rajista da lambarka ta kanka, ka riƙa dubawa, idan ya isa sayen abu ka saya.

Ranar Litinin da ta wuce Hajiya Balaraba ta sauka da mata biyar. Na tashi daga aiki na je Murshid na same ta zaune a kan dila, tana faɗa da mai kago a kan awon kaya. Na jira har ta ci nasara, na gaishe ta, na ce na zo neman alfarma: ina so a dawo da rakiyar tsaraba.

Ta kalle ni daga hula har takalmi ta ce, "Dakta da kansa? Za ka iya tura keken kaya a bayan mata shida?"

Na ce zan iya.

"Ka iya tuwo?"

Na ce ban iya ba.

"To wa ya gaya maka kyauta ake ba da maki? Marigayiya da miyar kuka take biya. Ka san inda ake sayen ɗaya a ƙara ɗaya?"

Na zaro takardar da na rubuta daga manhajar kantin na miƙa mata. Ta riƙe ta nesa da ido tana dubawa, ta ce rubutun likitoci ma ya fi nawa karantuwa. Sannan ta ce, "Lambar wa za a faɗa?"

Na ce ta Haidar.

Ta ninke takardar ta sa a jaka. Ta ce, "Asabar bayan la'asar. Kuma don Allah kada ka sa kwat, kada a zaci kama mu ka zo yi."

Saboda haka ga roƙona, kuma roƙo ne, ba umarni ba, domin na ga abin da umarnina ya haifar. Ƙa'idar kantin tana nan yadda take: sai mai lamba yana tsaye a wurin. Ba zan iya faɗin lambarka a madadinka ba, kuma ko da zan iya, ba zan so ba. Kantin maganin da ke kusa da masaukinsu ne a unguwar Deira, daga ɗakinka ba nisa. Ka zo ka yi rajista, ka tsaya kusa da ni a layi, idan aka tambaya ka faɗi lambarka da muryar da za a ji. Za su yi maka tsiya, Hajiya za ta ce angonta ya rame, za mu tara jama'a a bayanmu. Kafin mu fita za mu sayi maganinka guda biyu. Wannan karon ni zan biya, na gaba kuma daga abin da ka rage a sauran kaya zai fito.

Idan abin da ka karanta a nan ya sa ba ka son ganina a wannan Asabar ɗin, na fahimta, ba zan kira ka ba. Amma ka sayi maganin ko ba tare da ni ba. Ni zan je in tura keken har ƙarshe, idan aka tambayi lamba in ce mai ita bai iso ba tukuna. Suna dawowa bayan wata biyu, kuma na gaya wa Hajiya ta riƙa sanar da ni duk zuwansu.

Allah Ya jiƙan mahaifiyarka, Ya haskaka makwancinta, Ya saka mata da abin da ban saka mata da shi ba. Allah Ya yafe min. Kai kuma Allah Ya tsare ka a hanya da wurin aiki, Ya raba ka da ciwo da sharrin mutane, Ya ba ka numfashi mai sauƙi da arziki mai albarka, Ya sa ka fi mahaifinka saurin tambaya.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka.